Dokin da Injiniya Hakim Ya Bari

Mahaman ne sunansa na yanka, amma a ƙauyensu, can gabas da Tajaye, in ka ce Mahaman sai a tambaye ka wanne. In ka ce Dogo kuwa, ko mace mai daka za ta nuna maka gidan da taɓarya. Mutum ne siriri, marar yawan magana, mai tafiya kamar yana tsoron taka wani abu. Ubansa ya bar masa gona guda a kan tudu, da jaki, da irin hatsin gidansu mai dogayen zangarniya, wanda ke nuna da wuri ko da damina ta gajarta. Jakin ya daɗe da mutuwa. Gonar da irin su ne sunka rage, kuma kowace kaka Dogo da hannunsa yake zaɓar zangarniyar iri, ya ɗaure damma daban, ya sa can ƙuryar rumbu inda hannun mai neman tuwo ba ya kaiwa.

Kamar kowa a yankin, gona ba ta taɓa riƙe shi shekara cur ba. Ya yi ga-ruwa a Sakkwato, ya yi dako a Legas, ya yi cirar albasa a Galmi har bayansa ya ce ya isa. Da furfura ta fara fito masa, wani ɗan garinsu ya sama masa gadi a Ƙonni, a gidan wasu masu aikin haƙa rijiyoyin famfo a ƙauyuka. Matarsa Mariyama tana ƙauye tana riƙe da gida, shi kuwa sai damina ta faɗi a ba shi ƴan kwanaki ya je ya yi shuka ya komo.

Baƙi sun zo sun wuce a gidan nan. Na ƙarshensu shi ne Injiniya Hakim, Balaraben Tunisiya, mai jiki, mai son dariya. Musulmi ne, ran Juma'a tare suke zuwa masallaci da Dogo. Baba Dogo yake kiransa, kuma ba a taɓa jin ya ɗaga masa murya ba.

Da la'asar sakaliya ƴan baƙin da ke Ƙonni kan taru a barandar Injiniya su sha shayi. Akwai wata Banasariya mai aikin likita, akwai wani Ba'indiye mai gyaran injuna. Dogo na bakin ƙofa kan tabarmarsa. Faransancin da ya tsinta a wurin gadi ba ya kai shi nesa, amma abin da ya kuɓuce masa, Yahuza kuku kan cika masa in sun zauna cin abinci. Hirar kusan ɗaya ce kullum, ita ce arhar ƙasar. Banasariyar ta ce abin da take sayen cinyar rago a nan, a garinsu ko tsire ba zai ba ta ba. Injiniya ya ce abin da yake biyan gida da kuku da mai wanki da mai gadi, a Tunis ɗaki guda ba zai kama masa ba. Dogo bai taɓa jin haushin maganar ba. A ransa yakan ce kowa da tiyar da yake awo da ita.

Arhar nan ce ta sa Injiniya ya sayi doki. An kawo masa wani kili, ya ji kuɗin, ya bushe da dariya, ya ce keken ɗansa ya fi shi tsada. Anka kafa turke bayan gida. Da kaka Yahuza kan sayo buhunan hatsi da dusa, a cika ɗaki guda da harawa, Injiniya ko bakin buhun bai taɓa leƙawa ba. Ran Lahadi ya hau ya yi kilisa gefen fadama. Sauran kwanakin duk na Dogo ne. Shi ke wanke shi, shi ke jiƙa masa kanwa, shi ke cire masa kaska a kunne. Har ta kai in kilin ya ji takunsa sai ya yi haniniya tun bai gan shi ba.

Sai shekarar nan ta zo da anka rufe iyaka. Wutar da ke zuwa daga Najeriya ta yanke, manyan motoci sunka yi layi a hanya har ciyawa ta fito ƙarƙashinsu, shinkafa ta tashi ta ƙi saukowa. Hirar baranda ta sake. Yanzu kukan man injin wuta ake yi, da ruwan kwalba, da cukun kanti da ya daina zuwa daga Yamai. Banasariyar ta ce ƙasar ta yi tsada. Injiniya ya girgiza kai.

"Mu ta yi wa tsada," in ji shi. "Mutanen nan da sauƙi. Abin da suke ci a gonarsu yake fitowa."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, ba da raini ba. Yahuza ya kawo maganar bakin ƙofa, sunka dubi juna da Dogo, kowa ya ci gaba da cin abincinsa.

Bayan kaka anka ce an rufe aikin. An sallami kowa da ɗan abin da anka sallame shi. Ran tafiya, kaya na cikin mota, Injiniya ya kama hannun Dogo ya kai shi bayan gida, ya kwance ragamar kilin ya danƙa masa.

"Naka ne, Baba Dogo. Da sirdi da linzami duka."

Dogo ya karɓi ragamar. A zuriyarsu kaf ba wanda ya taɓa kafa turken doki. Ya durƙusa, Injiniya ya ɗaga shi.

"Abu ɗaya nake roƙo. Kada ka sayar. Na ji inda ake kai su."

"In sha Allahu, maigida. Ya zama ɗan gida."

"A ƙauye ai ba zai yi maka nauyi ba. Ciyawa kyauta, hatsi kuna da shi."

Nan ne fa ya kamata Dogo ya buɗe baki. Ya san abin da kilin ke ci, shi ke auna masa. Ya san kuma abin da gonarsa ta ba da a wannan kaka, don ruwa ya ɗauke tun hatsi bai gama ƙosawa ba. To amma mutum ya miƙo maka doki, ka tsaya kana yi masa lissafin harawa? Ya ce, "Haka ne, maigida. Allah shi saka da alheri."

A kan dokin ya shiga ƙauye. Mata sunka bar turame, maza sunka taso daga gindin itacen bedi. Maigari da kansa ya zagaya kilin yana shafa wuyansa. Wani maroƙi da bai taɓa sanin hanyar gidan Dogo ba ya zo ya yi ta zuba kirari, sai da anka ba shi tiyar hatsi ya tafi. Taubashinsa Na'Allah, wanda ba ya ganinsa bai tsokane shi ba, ya cire hula ya faɗi ƙasa.

"Ranka shi daɗe! Mu talakawa ina za mu zauna?"

"Bayan doki, inda kashi ke zuba. Nan ne wurin bawa."

Anka yi ta dariya. Mariyama kaɗai ce ba ta yi ba. Ta dubi dokin, ta dubi rumbu. A lokacin ba su biyu ne kawai a gidan ba. Ƴarsu Rashida ta komo da ƴaƴanta ƙanana, tun da mijinta ya tafi Aljeriya neman kuɗi labarinsa ya yanke.

Da dare ya yi wa kowa sanyi Mariyama ta ce masa, "Malam, wanga baƙo mi za shi ci?"

"Allah da ya tsaga bakinai."

"Na sani. Daga wane rumbu?"



Watannin ɗari sun wuce da dama-dama. Harawar waken gonarsa ta riƙe su, da karan dawa da ya roƙa wurin maƙwabta. Amma kili ba jaki ba ne. Doki ne da ya saba da hatsi safe da marece, in ba a ba shi ba sai ya yi ta tonon ƙasa yana haniniya, duk unguwa na ji. Dogo kan ɗebi abin da ya ɗeba ya ba shi don ya yi shiru. Kuɗin sallama ya shige cikin dusa da magani da tuwon jikoki, bai yi ƙarko ba.

Kuma ga abin da bai taɓa zato ba. Tun da anka ga doki a gidansa anka fitar da shi daga cikin mabukata. Ƙanen Mariyama da ke Abijan, wanda kan aiko da ɗan abu kowane rani, ya ji labari ya ce alhamdu lillahi, an sauke masa nauyi ɗaya. Da azumi wani alhaji na Illela ya aiko da buhunan sadaka, maigari ya raba gida-gida, ya tsallake na Dogo. Ba mugunta ba ce. Ya ce kunyarsa ya ji, yaya za a kai wa mai doki sadaka? Har wasu ke zuwa da safe su tsuguna bakin zaure neman rancen tiya, shi kuwa bakinsa ba ya iya cewa babu.

Na'Allah ya ba shi shawara.

"Kai, sarkin banza. Tun da shina ci, sa shi aiki mana. Ga amalankena, ka riƙa ɗauko wa mata ruwa."

Anka gwada. Kilin da bai taɓa jan komai ba sai iska, da ya ji itace a haƙarƙarinsa ya miƙe tsaye, ya yi harbi, ya karya hannun amalanken, ya watsar da jarkoki. Na'Allah ya tsira da ƙyar, hularsa a cikin kashin shanu.

"Wanga ma'aikacin buro ne, ɗan ofis," in ji shi yana kakkaɓe riga. "Ci da zama ya sani."

Bazara ta shigo da zafinta. Daji ya zama fari fat, ko tsinken ciyawa sai an saya wurin masu kawowa a jakai. Hatsi a kasuwar Tajaye ya kai inda tsofaffi sunka ce ba su taɓa ji ba. Rumbun Dogo ya yi ƙasa har mai shiga sai ya sunkuya ya lalubo. Mariyama ta mai da girki sau ɗaya a yini. Daga baya ita da Rashida sunka fara zuwa daji ɗiban ƴaƴan anza, suna jiƙawa kwana da kwanaki suna zubar da ruwan don ɗacin ya fita. Damman iri dai suna ƙuryarsu. Mariyama ta sha faɗa wa Rashida cewa ko za a kwana da yunwa, wannan ba a taɓawa, don shi ne baɗi.

Ran ƙaramar salla wayar Dogo ta yi ƙara. Injiniya ne daga Tunis. Mariyama ta bar abin da take yi ta zo ta tsaya kansa.

"Baba Dogo! Barka da salla! Ina gajiya? Ina doki?"

"Lafiya lau, maigida. Shina nan, shina gaishe ka."

Injiniya ya yi dariyarsa, sannan ya shiga ba shi labari da guntuwar Hausarsa da Faransanci. Ya ce rayuwa a can ta yi wuya, nama sai a gani a kanti a wuce, kuɗin haya ya cinye mutum. Ya ce kullum yana ba abokansa labarin Ƙonni, inda ya zauna da doki da kuku kamar ɗan sarki. Ya ce ku dai kun huta, ba haya, ba kuɗin wuta. Sai kuma ya sassauta murya.

"Gaya mini gaskiya. Yana ci sosai? Bai yi maka nauyi ba?"

Mariyama ta dafa kafaɗarsa, abin da ba ta taɓa yi a tsakar gida ba. Ta nuna rumbu da haɓa. Dogo ya san mutumin nan, ya san in ya faɗa ba zai ƙi aiko da wani abu ba, ko ya ce a sayar.  Amma tun yana yaro, in an tambaye shi ya gida, abu ɗaya ya ji manya na amsawa, ko da gawa a ɗaki.

"Haba, maigida, wane nauyi? Mun gode Allah."

"Madalla! Ka sa a ɗauko mini hotonsa."

Wayar ta mutu. Mariyama ta janye hannunta.

"Ya tambaye ka, Malam. Da bakinai ya tambaye ka."

"In ce mishi mi? Kyautar da ka yi mini ta zama wahala?"

"Ka ce jikokinka na cin anza."

"Bara kike so in yi a waya, ran salla?"

Ta koma bakin murhu. Ba a ɗauki hoton ba, don lokacin ana iya ƙirga haƙarƙarin kilin daga zaure.

Bayan salla dokin ya daina tonon ƙasa, ya daina haniniya. Sai ya tsaya kai a sunkuye, ƙudaje na bin idonsa. Wata safiya ya kwanta ya kasa tashi, sai da Dogo da Na'Allah sunka sa itace ƙarƙashin cikinsa sunka ɗaga shi. Ran nan, da mata sunka tafi rijiya, Dogo ya hau rumbu ya miƙa hannu ƙurya. Ƴan zangarniya kaɗan ya zaro. Ya ce wa kansa iri na da yawa, bara ma sai da ya yi saura. Kilin ya ci, ya ɗaga kai, ya goga hancinsa a ƙirjin Dogo. Washegari ya sake zarowa. Hannu in ya san hanya ba ya ɓata.

Mariyama ce ta gane, wajen shara. Ta tsinci sandar zangarniya a gindin turke, doguwa, wadda doki ya gwaguye. Duk rumbun ba mai wannan tsawo sai iri. Ta hau da kanta, ta daɗe a ciki. Da ta sauko ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta zo ta aje sandar gabansa kan tabarma.

"Shekara nawa ina hana kaina, ina hana ɗiyana. Ran da Rashida ta haihu babu kunu ban taɓa shi ba."

"Mariyama..."

"Alkawali ka ɗaukar wa Balarabe, na ji. Shi ko ubanka da ya bar maka wanga iri, mi ka ɗaukar mishi?"

Dogo ya dubi sandar. 

Ran kasuwar Badagishiri ya ja kilin a ƙasa, don ba shi da ƙarfin ɗaukar mutum. Sirdin kuwa shi ya ɗauko a ka. A kara, wurin cinikin dabbobi, dillali Muttaƙa ya buɗe bakin dokin, ya dubi ƙafafu, ya ja tsaki na tausayi.

"Baba, da kaka ka kawo shi da ka ga kuɗi. Yanzu wa ke sayen doki shi hau? Sarakuna ma rage nasu suke."

"To wa ke saye?"

Muttaƙa ya nuna gefe, inda anka ɗaure wasu ramammun dawaki da jakai wuri ɗaya, wasu mutane na tsaye suna duban cinya irin duban mahauta, ba sa duban tafiya.

"Ina za a kai su?"

"Kudu, ta hanyar daji. Sauran kada ka tambaya."

Dogo ya tsaya riƙe da ragama har rana ta yi tsaka, ko Allah zai kawo wani mai son hawa. Mutane sun zo sun shafa sirdin, shi anka fara saye. Da rana ta karkata ya miƙa wa Muttaƙa ragamar. Kilin ya bi ba gardama. Da anka ɗaure shi cikin sauran ya waiwayo ya yi wata ƴar haniniya, Dogo ya shige cikin masu awo bai juya ba.

Hatsi a ranar ɗan kaɗan ne a kasuwa, kuma abin da ke aljihunsa ba zai sayi wanda zai kai su ko'ina ba. Na iri kuwa ko a ido bai gani ba. Masara ce da ɗan dama, ita ya saya, don a samu abin sa wa yara a baki. Ya san masara ba ta fita a kan tudu. Yana bayan motar kasuwa da buhunsa hadari ya haɗo daga gabas, kafin su kai Tajaye ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Da asuba garin duk ya fita. Mariyama ta riga ta sussuke abin da ya rage na iri, ta zuba a ƙwarya. Ta bi gidaje uku neman ƙari, kowa nasa bai ishe shi ba. Na'Allah ya ce nasa tun azumi anka surfe rabi, bai ko tsokani Dogo ba, ya saɓa sungumi ya wuce.

Sunka fara daga gefen hanya. Dogo a gaba yana saran rami da sungumi, taki ɗaya sara ɗaya, Mariyama a baya tana zuba iri tana rufewa da diddige. Ta rage abin da take zubawa a kowane rami, ta sake ragewa. Ƙasa ta jiƙu sosai, ƙamshinta na tashi, irin ruwan da manomi ke roƙo ne. Daga gonakin maƙwabta ana jin muryoyi, ana yi wa juna barka da ruwa.

Ba su kai gawon da ke tsakiyar gonar ba. Dogo na ta sara, ya yi nisa, sai ya lura ba ya jin takunta a bayansa. Ya waiwaya. Tana tsaye can baya, iri ya ƙare, ta kife ƙwaryar a kanta saboda rana. Tsakaninsu ramuka ne a jere, buɗe, ruwa na kwance a wasu. Bayansa kuma fiye da rabin gonar na shimfiɗe har gindin tudu.

Ya jingina sungumin a kafaɗa. Ta ce, "Mu tahi gida, Malam. Yara ba su karya ba."